Ƙuli-ƙuli a Bayan Ƙofa

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na faɗi jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Ina zaune a Dawaki wurin goggona mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ƙawayena sun tafi, ni kuwa aka ce in sake gwadawa baɗi.

Sai na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe littafin lissafi, in karanta layi biyu, in tsinci kaina a bayan ƙofar ɗakin ajiya ina cusa ƙuli-ƙuli a tsaye, ba don yunwa ba, har muƙamuƙina ya yi ciwo. Daga nan in ƙi cin tuwo, ina kiran kaina daƙiƙiya mai haɗama. Karatun kuwa ya ƙi shiga.

Wata rana da hantsi Goggo ta same ni baki cike. Na jira faɗa. Sai ta shimfiɗa tabarmar baƙi, ta kawo ruwan wanke hannu da ƙuli-ƙuli a faranti.

"Zauna, 'yar boko," ta ce. "Da 'yar wani ce ta zo mini da wannan damuwar, ai ba bayan ƙofa zan kai ta ba. Da me ta fi ki?"

Na ci uku, kuka ya ƙwace mini.

Ban daina nan take ba. Amma in abin ya motsa, nakan ɗauko faranti in zauna, ban da zagin kai. Sau da yawa kafin in gama wanke hannu nakan gane tsoron sake faɗuwa nake ji. A makon nan na gama babi guda.