Faifan Iyo Na Habu

A shekarun da na yi ina aiki a wurin iyo na wani otel a Maraɗi, akwai wata safiyar Litinin da ba ta fita raina ba. Aikina shi ne tsabtace ruwa da ajiyar kayan horo. Cikin kayan akwai faifan iyo, wato roba mai faɗi da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara ƙarfin jan ruwa. Akwai ƙanana, matsakaita da manya.

Lokacin muna da Habu, manomi daga Jiratawa, yana shirin gasar nan mai haɗa iyo da tseren keke da gudu. Da kekensa yake zuwa kullum. Gudu da keke babu mai kamo shi, iyon ne da saura. Mako uku ya rage a tafi Yamai wajen zaɓen 'yan wasa.

Mai horar da shi da sauran 'yan wasan, Malam Isufu, ya tafi Tsibiri ta'aziyya, ya bar mini makullin kaya. Habu ya same ni ya ce, "Baba Idi, ba ni manyan nan. Ni da na saba da babbar hauya, mi zan yi da na yara?"

Na dubi hannunsa, na ga gaskiyarsa, na ba shi. Kwana huɗu yana jan ruwa da su, ni kuwa ina ta yaba masa.

Ranar Litinin Malam Isufu ya dawo. Ko zama bai yi ba, ya kalli Habu ya je ƙarshen ruwa sau ɗaya, ya ce, "Fito. Ɗaga hannunka na dama."

Hannun ya tsaya a daidai kunne. Ashe kafaɗar ta kwana biyu tana ciwo, yana ɓoyewa don kada a cire sunansa.

Malam ya ɗora tafin Habu a kan ƙaramin faifai. Ya nuna mana cewa kada robar ta wuce yatsu sai da kaɗan, kuma in gwiwar hannu ta fara faɗuwa cikin ruwa, faifan ya fi ƙarfin mai shi. "Ƙasa tana tsayawa ka sare ta," in ji shi, "ruwa kuwa kafaɗarka yake ci."

Sauran suka fara tsiya: "Sarkin noma, an ba ka na 'yan mata!" Malam ya ɗaura ƙananan a hannunsa, ya faɗa ruwa, ya je ya dawo sau huɗu.

Na jira faɗa, bai zo ba. Sai da aka watse ya ce, "Malam Idi, na ji kana zuwa karatun manya. Samo kwali." Washegari ya zana tafin kowa a kai, ni na rubuta sunaye a hankali, shi yana jira. Da kwalin nan ake ba da kaya har yau.

Habu ya huta kwana biyar, ya koma da ƙananan. Ya je Yamai da kafaɗa lafiya, aka kuma ɗauke shi.

Ku da kuka zo bayana, in mutum ya roƙi babba, kada ku dubi ƙarfinsa ko zaƙin bakinsa. Ku ce ya miƙo hannu.