Gadon Gwajin Barcin Bashar

Komai zan manta a aikin walda, ban da ranar da na kai gado mai hawa biyu garin Dauran. Ku da kuke koyon aiki a wurina ku saurara, don wata rana za a kawo muku irinsa.

A lokacin ban buɗe nawa shagon ba. Ina ƙarƙashin maigidana Malam Sani, Allah ya jiƙansa, a nan Kaura Namoda. Tsarinmu shi ne, shi ke karɓar aiki ya yi magana da mai shi, ni ke awo da yanka da haɗawa, in kuma kaya na kaiwa ne, ni ke bin su in ɗaura. An gama girbin gero ke nan, jami'o'i sun fitar da sunayen sababbin ɗalibai, aikinmu duk ya koma ƙera akwatunan ƙarfe da saka musu wurin kwaɗo.

Da hantsi sai ga mutum uku. Malam Mande, manomi ne daga Dauran, da ƙanensa Isiya, da ɗansa Bashar, wani dogo siriri mai yawan sunkuyar da kai. Bashar ya samu gurbin karatun likitan dabbobi, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da zai taka jami'a. Na ɗauka akwati suke so, har na jawo wanda na gama.

Malam Mande ya ce, "Ba akwati munka zo nema ba. Gado nika so ku yi man, irin na jami'a, wanda aka kwana can bisa."

Da muka bi diddigi sai magana ta fito. Bashar yana da wani irin barci na birgima. Zai kwanta a ƙuryar ɗaki, a tashe shi a bakin ƙofa. Shi kuma Isiya ya taɓa rakiyar wata mota da ta kai katifu wata jami'a, ya leƙa ɗakin kwanan ɗalibai ta taga, tun daga ranar ya zama shi ne masanin jami'a a gidansu. Shi ya baza labarin cewa gadajen can a ɗore suke, kuma sabon ɗalibi ba ya samun na ƙasa. Labarin ya kai kunnen kakar Bashar, Inna Tumba, ta ce jikanta ba zai je ko'ina ba sai ta ga da idonta ya yi barci a sama bai karye ba. Malam Mande kuwa bai taɓa tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Ga lokacin rajista yana ƙurewa, in ya wuce gurbin ya tafi, sai dai yaro ya sake jarrabawa baɗi.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, sai in saka masa ƙarfen kariya a gefe. Isiya ya ce na can ba su da shi, in an saka an yi wa Inna ha'inci. Na ce to, tsayin irin wannan gado bai wuce kafaɗar mutum ba. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce wanda ya gani ya kai wuyan rumbu. Malam Mande ya ce a ƙara kaɗan a kan hakan, don in yaro ya saba da mai wuya, na makaranta ya zame masa wasa.

Na ja maigidana gefe na ce masa wannan fa ba gado ba ne, hasumiya ce. Ya ce, "Lawali, kai za ka kwana bisa nai? Yi abin da anka ce, amma ka ƙara ma ƙahwahun ƙarhi."

Haka na yi. Na zaɓi fayif mai kauri, na saka ƙarafan gicciye don kada ya yi rawa, na yi masa tsani. Aiki irin wannan ba a haɗe shi da walda gaba ɗaya, don babu motar da za ta ɗauke shi. Gunduwa-gunduwa ake yi, a huda, a je can a ɗaure da noti. Ranar da na gwada haɗa shi a ƙofar shago, wani mai wucewa ya tambaye ni ko tankin ruwa za a ɗora.

Mun isa Dauran kafin azahar. Babu ɗakin da zai ci gadon, sai muka kafa shi a tsakar gida ƙarƙashin wata darbejiya, ita ma sai da aka sare mata reshe. Malam Mande ya sa aka kwaso harawa aka jibge a kewaye, ko da ta kwana. Ina cikin ɗaure noti na ƙarshe Inna Tumba ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma da ta yi gyaran murya sai na ga Isiya ya gyara hularsa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zagaya gadon, ta girgiza ƙafarsa, ta ce in zauna, ba inda zan je sai an gama gwaji, in ya rushe a san wanda za a kama.

Bayan salla aka dama fura mai kauri aka cika wa Bashar ƙwarya, aka tsare shi sai da ya shanye. Ya hau tsani ya kwanta. Ni dai tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don a lokacin rabin unguwa ya shigo gidan. Wasu a kan katanga, wasu sun zo da tabarminsu. Kowa da shawararsa. Wani ya ce ya kwanta ta dama, wani ya ce ya rungume ƙarfe. Wani tsoho ya ce a ɗaure masa ƙafa da igiya kamar yadda ake turke akuya, Inna ta tambaye shi ko zai bi yaron makaranta ya riƙa kwance shi da asuba.

Aka yi tsit. Can wani daga kan katanga ya yi raɗa mai ƙarfi, "Ya yi kwanan?"

Daga sama Bashar ya amsa, "Ban yi ba."

Haka aka yi ta yi. Da an ɗan natsu sai wani ya tambaya, shi kuma don ladabi sai ya amsa. Da abin ya ishi Inna ta kori jama'a, ta bar ɗanta da Isiya da ni, ta ce a kawo mana sauran furar don bakinmu ya samu abin yi. Ni na kurɓi kaɗan, tunda ni ne abin kamawa. Isiya ya sha ya ƙoshi, ya ce bari ya gwada ƙarfin hawan ƙasa, ya miƙe a kai. Shi ya fara minshari. Malam Mande ya jingina da bishiya yana jan carbi, carbin ya zame daga hannunsa. Aka bar ni da tsohuwa, mun ɗaga kai muna kallon tafin ƙafar Bashar.

Ashe a cikin hayaniyar fita wani ya bar ƙofar garke a buɗe. Ban ankara ba sai ga awaki sun kewaye harawa suna ci hankali kwance. Na yunƙura zan kore su, Inna ta riƙe mini riga, ta nuna sama. Yaro ya yi barci, in na yi motsi zai farka a koma farko. Na zauna ina kallon katifar ceton ransa tana raguwa a bakin awaki.

Sai birgima ta fara. Ya juya hagu, ya dawo dama, ƙafa ɗaya ta leƙo, hannu ya biyo ta. Na ji tsohuwa tana salati a hankali, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ya sake juyi guda, sai ga shi tafe. Ya faɗo tim cikin abin da ya rage na harawa, awaki suka watse, ɗaya ta bi ta kan cikin Isiya, ya zabura ya buga goshi da ƙarfen gicciye.

Na miƙe da gudu, Inna ta sake fizgo ni. Bashar ya tashi zaune, idonsa a rufe, ganyen wake a gashinsa. Ya lalubo tsani, ya hau, ya gyara kwanciya ya ci gaba da barcinsa. Bai ma san an yi ba.

Malam Mande da ya farka a gigice ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ce tunda ya faɗo shi ke nan, an haƙura da karatun. Ta ɗaga kai ta dubi jikanta a sama. Sannan ta ce, "Tun da anka yaye shi anka kawo man shi, ni ka tashi in jawo shi in maida bisa tabarma. Kullum. Na ɗauka in ba ni, nan za ya kwana inda ya hwaɗi. Ashe ya iya komawa da kainai." Ta goge ido da bakin zane. "Ku bar shi shi tahi."

Isiya na gefe yana dafe da ƙulu a goshi yana cewa ai dama shi ya san yaron zai iya, babu wanda ya kula shi.

Bashar ya samu rajista a kan lokaci. Da ya zo hutun farko ya biyo ta shago, na tambaye shi yadda ya samu gadon sama. Ya sosa ƙeya ya ce ɗakunan sun cika kafin ya isa, katifa ya shimfiɗa a ƙasa a ɗakin wani ɗan Shinkafi, kuma yawanci a bakin ƙofa yake farkawa.

Abin da na koya shi ne, ba kowane mai kawo aiki ne ƙarfe ya dame shi ba. Wani tsoro ne ya kawo shi, bai san yadda zai faɗa ba, sai ya faɗe shi da awo. In an kawo muku awon da ya yi kama da hauka, ku faɗi gaskiyarku sau ɗaya. In an ƙi ji, ku yi aikin da kyau, ku ƙara wa ƙafafu ƙarfi, kuma kafin kowa ya hau, ku je da kanku ku duba ƙofar garke.