Ragowar Maganin Amarya

A gidanmu ba wanda yake da maganin kansa. Ko ƙwayar ciwon kai ka sayo a kasuwar Tsanyawa, sai ka fara kai wa Inna ta jujjuya, ta ɓallo maka wadda za ka sha, sauran ta jefa a gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin gadonta. Tun Baba na da rai haka ake yi, da ya rasu kuma abin ya ƙara tsanani. Ba abin da babu a gwangwanin nan: kafso ja da yalo, fararen ƙwayoyin da ba wanda ya tuna na mene ne, man zafi, har da maganin idon wata kakarmu da ta daɗe a ƙasa. Ƙa'idar Inna ɗaya ce. Magani na mai ciwo ne har ya ji sauƙi, daga nan ya zama na gida. Ba ita kaɗai ba ce, kusan kowane gida a ƙauyenmu da irin gwangwaninsa. A shekarun nan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini, a cika cikin yara da kwaɗon rama, ba wanda zai yarda a ƙarar da kwali guda a kan mutum ɗaya.

Matar yayana 'yar wani ƙauye ce ta wajen Ɗanbatta. Ta shekara da ɗoriya a gidan, amma Amarya muke ce mata, don ba ta haihu ba. Doguwa ce mai yawan dariya, ga hannun tuwo. Ni kuwa na gama sakandare a shekarar, ina zaune ba aiki ba ci gaba, ina jin haushin kowa. 'Yar boko take ce mini, kuma ita kaɗai nake ƙyalewa ta faɗa.

Ciwon ya kama ta da faɗuwar damina. Sanyin mata ne: ruwa yana zubo mata ta gaba, ga ƙaiƙayi, ga wari. Zannuwanta na zaman gida biyu ne, sabulu ya zama abin ɓoyo, rana kuma ba ta tsayawa ta busar da abin da aka wanke. Ta yi ta ɓoyewa har abin ya fi ƙarfin ɓoyo.

Mu mata a tire ɗaya muke cin abinci. Wata rana da azahar muna zaune da wasu maƙwabta biyu da suka shigo taya mu ɓarar gyaɗar iri, Inna ta ɗaga kai ta shaƙi iska.

"Wai kifi aka sa a miyar nan?"

Rabon gidanmu da kifi tun ƙaramar Sallah, kowa ya sani. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Amarya ta cire hannunta daga tiren, ta ce ta ƙoshi. Washegari Inna ta ware mata kwanonta daban, wani tsohon kwano da ake zuba wa kaji dusa kafin a wanke shi. Daga baya ta karɓe girki daga hannunta, ta ce ta tsaya a daka da ɗebo ruwa. Yaya kuma ya naɗe tabarmarsa ya koma soro da kwana, wai ɗakin zafi, a tsakiyar damina, sauro na cinsa. A wajenmu in miji ya kai tabarma soro bai dawo da ita ba, abin da ke biyo baya sananne ne. Za a ce wa mace ta je gida ta huta, kuma ba a cika zuwa ɗauko mai hutun ba.

Ba za a ce Inna ba ta yi mata magani ba. Ta dafa bagaruwa ta sa ta zama a ciki da zafinsa. Da bai yi ba ta daka alimun ta ce ta riƙa matsawa. Na ga Amarya ta fito daga banɗaki tana bin bango, leɓenta duk ya fashe don cizo.

Ranar kasuwa na ce ta kama kazarta mu tafi asibiti. Ta ce sai ta tambayi Yaya. Na ce na tambaya, ya ce ta je duk inda za a raba shi da sauro. Muka sayar da kazar a bakin kasuwa. A ƙafa muka je, ta cikin gonaki, tana tafiya tana ware ƙafa, ina gaba ina juyowa ina ce mata ta ɗaga ƙafa kada a tashi.

Malamar asibitin gajera ce mai faɗa. Ta tambaye ta ko tana da ciki, da yaushe rabonta da al'ada, sannan ta shiga da ita bayan labule. Da suka fito ta cire safar hannu tana harararmu duka biyun.

"Wa ya ce ki sa alimun a wurin nan?"

Na ce, "Uwata."

"To ki gaya wa uwarki nan ba randa ba ce da za a jefa alimun ruwa ya kwanta."

Ta ɗauko wani ɗan kwali ta buɗe. Ƙwayoyi ne farare dogaye, kowace a cikin ledarta mai ƙyalli. Ta ɗaga ɗaya a gaban idon Amarya.

"Wannan ba na sha ba ne, na matsi ne. In za ki kwanta barci ki wanke hannunki da sabulu, ki kwanta, ki tura guda ɗaya can ciki, kada ki tashi yawo ya zubo. Kullum, har kwalin ya ƙare. Za ki ji kamar kin warke tun bai kai rabi ba. Ba ki warke ba, ciwon laɓewa ya yi. Ki ƙarasa. Kada ki ƙara sa komai a wurin, wanki da ruwa zalla daga waje ya isa. Maigida ya yi haƙuri sai kin gama. In kin ji ƙuna ko kumburi, ko mararki ta fara ciwo, ki dawo. Kuma naki ne ke kaɗai, ba na rabo ba ne." Ta juyo kaina. "Ke mai bakin, kin ji?"

Na ce na ji.

A hanyar dawowa na ce wa Amarya ta soke kwalin a zaninta, ta ce wa Inna allura aka yi mata. Ta tsaya a bakin wata gonar dawa ta dube ni.

"'Yar boko, ba ki da hankali. Ni da ban haihu ba, a kama ni da ɓoyayyen magani ina turawa a can? Me za a ce?"

Na san me za a ce. Za a ce na hana haihuwa ne, kuma wannan ya fi wari saurin kai mace gida. Don haka da muka shiga ta durƙusa ta miƙa wa Inna kwalin hannu biyu. Na maimaita duk abin da malamar ta faɗa, ban rage komai ba, har da maganar randa. Inna ta ce Allah ya shirye ni, ta kai kwalin ɗaki.

Kullum bayan magariba sai Amarya ta zo ƙofar ɗakin Inna ta durƙusa.

"Inna, maganin."

"Wane magani?"

"Na asibiti."

"Na asibiti ai da yawa. Na sha ko na ina?"

Sai ta faɗa, a gaban duk wanda ke tsakar gida, sannan a miƙo mata guda ɗaya kamar ana ba yaro alewa.

Maganin ya yi aiki, wannan ba musu. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya kwanta, ruwan ya tsaya. Amarya ta fara waƙa a bakin turmi. Wata safiya Inna ta kira ta tsakar gida, ta kama gefen zaninta ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa kamar mai sayen daddawa.

"Alhamdu lillahi. Ta warke."

Da yamma Amarya ta zo ta durƙusa yadda ta saba, Inna ta ce me kuma take nema. Na taso daga inda nake.

"Inna, ko rabi ba ta yi ba. An ce sai ya ƙare."

"Wa ya ce?"

"Malamar asibiti. Ga shi ma a rubuce a jikin kwalin."

"In kin ƙoshi kina ci gaba da tura tuwo don an rubuta a jikin kwano? Su can sayarwa suke yi, dole su ce a ƙarar. Gobe wata ta kwanta a gidan nan, kazar wa za a kama?"

Na ce ciwon yana nan, laɓewa ya yi. Ta ce in yana nan in nuna mata shi. Na ɗaga murya, ta ce tun da na fara karanta kwali na daina ganin girman kowa. Amarya ta ja ni ta baya tana cewa in bari, ita lafiyarta ƙalau. A ranar Yaya ya mayar da tabarmarsa ɗaki. Na tare shi a bakin ƙofa na ce an ce ya haƙura tukuna. Ya ce in ƙara yi masa irin wannan maganar, ni da ko aure ban yi ba, in ga abin da zai same ni.

Yaya yana da rago da yake kiwo, wanda za a sayar a sayi takin zamani. Igiyar turke ta ci masa ƙafa, ruwan sama ya jiƙa wurin, ƙudaje suka samu. Wata rana da hantsi na dawo daga rijiya na tarar da Yaya a tsugune yana murƙushe wani farin abu a kan dutse. Ledoji masu ƙyalli biyu na yashe a gefensa. Amarya ce ta riƙe ƙahon ragon, ta danne wuyansa da gwiwa.

"Yaya, na matarka ne."

"Ai ta warke. Inna ta ce mai ƙarfi ne, yana kashe ruɓa." Ya barbaɗa garin a kan gyambon. "Wannan in ya gurgunce, da me za mu sa wa masara taki? Ke, riƙe shi da kyau mana."

Ta ƙara danne shi. Idonta na kan ledojin. Haka aka yi ta yi wa ragon har sau nawa ban sani ba. Abin da ya rage Inna ta ba wata maƙwabciya da ke kukan fitsari mai zafi, ita kuma ta kora da koko ta yini tana amai.

Kafin gero ya fitar da kai ciwon ya dawo, kuma bai dawo yadda ya tafi ba. Ga warin, ga ciwon mara da ke sa ta tsugunna a tsakiyar daka ta riƙe taɓarya. Kwanon kajin ya sake fitowa. Tabarma ta sake komawa soro.

Na ce wa Yaya a mayar da ita asibiti, malamar ta ce in mara ta fara ciwo a dawo. Ya ce an je sau ɗaya, me aka samu ban da asarar kaza. Inna kuwa ta samu abin faɗa wa duk matar da ta shigo.

"An yi na Hausa, an yi na asibiti. Har da na asibitin fa, mai tsada. Ya ɗan lafa ya dawo. Irin wannan a jiki yake, da shi aka kawo mana ita."

Duk lokacin da ta faɗa sai na ce ba a bar ta ta gama ba, rago aka ba. Matan su yi dariya, su ce yarinyar nan akwai baki. Ba wadda ta ga laifi a ciki. Kowaccensu da ta ji sauƙi take ajiye magani, kuma ga su nan da ransu.

Yaya bai iya faɗa mata da bakinsa ba, Inna ya aika. Ta je gida ta huta, in ta ji dama-dama a yi magana. Ni na ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi da safe. Da muka isa ta koma can gefe ta tsaya, nesa da masu jiran mota.

"Matso nan inuwa," na ce.

"Bar ni a nan, iska ta fi kaɗawa." Ta ɗan yi murmushi. "Ki roƙar mini kwandasta ya ba ni bakin taga."

Na roƙa, ya ce kujerar ta wani Alhaji ce. Aka cusa ta a tsakiya, tsakanin wata mai goyo da buhun barkono. Ta haɗe gwiwoyinta, ta ja mayafi ta rufe har ƙafa.

Sai bayan kaka muka ji daga gare su. Kawunta ne ya zo, wani dattijo mai sanyin magana, aka yi masa shimfiɗa a soro. Ni na kai ruwa, na tsaya daga bayan ƙofa. Inna ma tana nan tsaye kusa da ni. Ya ce yarinya ta samu lafiya. Mahaifiyarta ta kai ta asibiti, an haɗa mata da na sha da irin wancan na matsin, ta yi su duka har suka ƙare, an sake dubawa an ce ba komai. Ta yi ƙiba ma. Ya ce shi ya sa manya suka turo shi ya ji ko akwai maganar komawa ɗakinta.

Yaya yana ta wasa da bakin tabarma. Na ga kamar zai ce wani abu. Inna ta riga shi, daga bayan ƙofa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam, haka muka ce wancan karon. Ni da kaina na duba na ce ta warke."

Dattijon ya jira ko Yaya zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Sai dattijon ya shanye ruwansa, ya yi hamdala, ya ce to ba laifi, dama ya zo da mai amalanke yana waje, wanda zai kai kayan ɗakinta bakin titi, ko da hakan za ta kasance. Ya tambaya ko za a samu wanda zai kama masa gadonta, don shi bayansa ba ya son nauyi. Yaya ya tashi ya kama masa.