Rodin da Malam Buba Ya Yanke

Shekara tara ke nan da muka raka Malam Buba makwancinsa. Makarantar sakandare ɗaya muka koyar a nan Gombe, shi labarin ƙasa, ni adabi. Wato shi yana fama da abin da ke ƙarƙashin ƙafa, ni da abin da ke yawo a ka.

Babin da ya fi ƙauna shi ne na girgizar ƙasa, abin da bai taɓa gani ba, ɗalibansa ma haka. A ofishin malamai mukan ce Buba yana koya wa 'yan Gombe tuƙin jirgin ruwa. Shi kuwa yakan ce ba girgizar ce ta dame shi ba, tambayar da take tafe da ita ce: a kan me gidanka yake tsaye? Ya ce duk inda ya karanta ta auku, unguwar talakawa ce ke fara zubewa, don talaka ne ke gini inda mai hali ya ƙi.

Gidansa yana Tudun Wada, kusa da bakin kwari. Ginanne ya saye shi, da rufin kankare, an bar rodi tsaye a sama kamar yadda muka saba, sanarwa ga unguwa cewa bene na nan tafe, ko da jika ne zai gina. Da aka zo haƙa masai, sai ga leda da gwangwani da tsofaffin silifa suna fitowa. Ashe wani reshen kwarin ne aka cike da shara, aka lulluɓe da jar ƙasa, aka yanka filaye. Buba ya kira mai walda ya yanke rodin kaf. Unguwa ta ɗauka karayar arziki ce. Har jaje wani maƙwabci ya zo yi masa, shi kuma ya karɓa da ladabi.

Yanzu girgizar ta iso garinmu, amma ta waya. Muna kallon benayen wasu ƙasashe suna durƙushewa kamar raƙuma, mu ce Allah ya kiyaye, sannan mu aika a zubo shara a kwari. Ina so in san me Buba zai ce. Zai ji daɗin cewa kowa ya ga babinsa da ido, ko zai tambaye mu me muka gane?

Bana ɗansa Sadiƙu zai yi aure, ya ce zai fasa rufin ya dasa sabon rodi, ya ɗora ɗakuna a sama. Mahaifiyarsa, Adda Hauwa, wadda ke zaune a gidan da ƙannensa, ta aika a kira ni.

"Bappa, a Gombe fa muke," in ji Sadiƙu. "Tunda aka haife ka, ka taɓa jin ƙasa ta motsa?"

Na ce ban taɓa ba. Na tambaye shi ina katangarsu ta baya.

"Wannan ai ruwan bara ne ya cinye ta, ba girgiza ba."

"Ita katangar ba ta tsaya tambayar sunan abin ba," na ce.

Adda ta gyara mayafi. "Kai da amarya za ku kwana a sama, ni da ƙannenka a ƙasa. Ka tambayi magini, ka tambayi abokanka, ni ce kaɗai ba ka tambaya ba. To, ban yarda ba."

Sadiƙu ya kama haya a unguwar Dawaki. Har yau bai gamsu ba, kuma ban iya rantsewa cewa ya yi kuskure ba, wataƙila benen ya tsaya har tattaɓa kunne. Buba ma bai taɓa cewa ya sani ba, cewa ya yi ba zai gwada da iyalinsa ba.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa. Ɗalibansa sun manta sunayen duwatsu. Sai dai akwai Adda a Tudun Wada, wadda in hadari ya taso ba ta ɗaga kai ta dubi rufi, akwai kuma ango a Dawaki da ke gaishe ni a taƙaice. Ina jin Buba zai ce ya yarda da wannan rabon. Allah ya jiƙansa.