Marurun da Ya Ƙi Jin Kafso

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina koyar da lissafi a wata firamare a ƙasar Kabo, iyalina kuma suna Gwarzo, kullum sai in hau babur in je in dawo. Zamanin ba mai sukuni. Tun ina makarantar horon malamai ake ce mana a tsuke bakin aljihu, har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ban ji an ce a sassauta ba. Saboda haka a gidanmu ba a zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da mutum. Abin da bai kai nan ba, na mai kemis ɗin bakin tasha ne.

Da damina ta kankama sai wani ɗan ƙurji ya fito mini a hammatar dama, daidai inda reza ta ɗan yanke ni. Ban kula shi ba. Kwana uku ya tasa ya yi kamar ƙwan zabuwa, yana zogi har cikin kafaɗa. Mai kemis ya sa na ɗaga hannu ya leƙa, ya ce ai maruru ne, ya ƙulle mini kafso shida a takarda. Na sha huɗu, abin ya fashe ya bushe, sai na ajiye ragowar biyun a saman kwaba saboda wata rana. Haka kowa yake yi a unguwarmu. Wanda ya shanye magani bayan ya ji sauƙi, almubazzari ake ɗaukarsa.

Bayan mako biyu marurun ya dawo, ya zo da ƙaninsa a gefe. Na sauko da kafson saman kwaba na haɗiye, na ƙaro wasu, ko gezau. Mai kemis ya canja mini masu wata kala, daga baya ya ce sai dai allura. Aka yi mini ta kwana biyar. Abin da na samu kawai shi ne zama ma ya koma yi mini wuya.

Hannun nan ba ya ɗaguwa sama, ba ya kuma sauka ya kwanta a jikina. Sai na riƙa tafiya da gwiwar hannu a buɗe, kamar na rungumo kazar da ba a gani. Hedimastanmu, dattijo mai son barkwanci, ya ce tun da aka yi mini ƙarin girma na koma tafiyar 'yan kwangila. A aji kuwa rabin allo na ƙasa kaɗai nake iya rubutu, in tsuguna in rubuta tambaya, in miƙe in yi bayani. Ranar Juma'a ta fi kowace rana wahala. A shekarar masallaci cika yake yi har bakin titi, kowa yana kula da daidaita sahu. Wani bawan Allah mai faffaɗar kafaɗa ya ga na bar ɗan gurbi tsakanina da shi, ya jawo ni da kyakkyawar niyya ya manna ni da jikinsa. Har aka sallame ban san surar da liman ya karanta ba.

Ana cikin haka sai maiɗakina ta ce ita ma wani abu ya fito mata a ƙugu. Kwana biyu a tsakani, babbar 'yarmu mai shekara biyar ta soma ɗingishi, aka duba aka ga nata a ƙwauri. Labari ya kai Madadi wurin mahaifiyata, washegari sai ga Inna ta sauko daga motar kasuwa da kwalbar zuma da ƙullin bagaruwa. Zumar daga amyar ƙaninta aka ɗebo, baƙa, mai kauri, har da gutsattsarin saƙa a ciki. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida da gona da dabbobi, ta sa na cire riga a tsakar gida, ta duba, ta ce kafso ne ya kora ciwon can cikin jiki ya ɓuya. Shawararta a kira wanzami ya tsaga, a wanke da ruwan bagaruwa, a cika da zuma.

Maiɗakina ba ta yi wa Inna musu ba, ba ta taɓa yi ba. Amma da ta kawo mini ruwan alwalar la'asar ta taɓa wuyana ta ji zafi, ta kuma ga jan ya fara bin hannun yana gangarowa. Ta ce, "Malam, gobe asibiti za mu, mu ukun. In kai ka saba da naka, yarinyar nan ba ta saba ba." Inna tana jinmu daga kan tabarma. Ta ce to ita ma za ta, ta ga abin da za su yi wanda ba ta sani ba.

Likitan da muka samu wani siririn mutum ne mai gilashi, ba ya gaggawar magana. Ya tambaye ni abin da na sha, sai na juye masa fankon magunguna daga aljihu a kan tebur. Ya daɗe yana jujjuya su da bakin biro. Ya tambayi kwana nawa na yi ina shan kowanne, na faɗa masa gaskiya: wannan biyu, wannan uku, wannan har na ji dama. Ya sa aka kashe wurin da allura aka tsaga, aka fitar da mugunyar da ban zaci jikin mutum ɗaya zai iya ajiyewa ba. Ya ɗibi kaɗan a kan tsinken auduga ya ce za a kai ɗakin gwaji a Kano. Na maiɗakina da na yarinyar ba su nuna ba, ya ce a riƙa gasa su da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada wanda ya matse.

Ranar da sakamako ya dawo muka koma har da Inna. Takarda ce guda, an jera sunayen magunguna, gaban kowanne an sa harafi ɗaya. Likita ya bi su da biro yana nuna mini waɗanda ƙwayar cutar ba ta ji, kuma duk wanda na sha yana cikinsu. Sunan ƙwayar dogo ne, ma'aikatan asibiti suna gajarce shi su ce sitaf. Ya ce tana zaune a fatar mutane da yawa da cikin hancinsu lafiya lau, sai ta sami yanka ko ƙuje take shiga. In an sha magani rabi da rabi, masu rauni ne suke mutuwa, masu taurin su saura su hayayyafa, har a wayi gari maganin bai dame su ba. Ya ce ba lallai a jikina ta koyi taurin ba, ta yiwu daga wani na ɗauko ta a haka, domin garin duka irin shan da muke yi ke nan. Ya zaɓi ɗaya daga cikin magunguna biyu da ƙwayar take ji ya rubuta mana, ya ce kwana goma cif.

A nan ne Inna ta zaro kwalbarta daga cikin mayafi ta ajiye a kan takardar. Ta ce, "Likita, wannan fa? Ko ita ma ƙwayar taku ta raina ta?"

Na sunkuyar da kai ina jiran ya yi mana faɗa. Sai ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga, ya buɗe ya sansana. Ya ce, "Inna, wannan ba ta raina ta ba. A kan buɗaɗɗen ciwo tana aiki, mu ma muna sa ta. Sai dai ba ta bin jini ta cim ma wadda ta shige ciki, shi ya sa zai sha nawa, a shafa naki." Ya gindaya sharaɗi: a tace ta da ƙyalle mai tsabta, a zuba a kwalbar da aka dafa, kada a tsoma yatsa, kuma mai wankin ciwo ta asibiti ce za ta riƙa sa ta a ƙarƙashin bandeji. Bagaruwa kuma ya ce a bar wa majema. Inna ta ɗan ɓata rai a kan bagaruwar, amma ta karɓi cinikin.

Kafin mu fita ya tambayi yadda muke wanka, sai asiri ya tonu. Soso ɗaya ne a banɗakinmu, tawul ma ɗaya, wani ƙato mai zanen furanni da aka ba mu gudummawar biki. Muna isa gida maiɗakina ta dafa shi a tukunyar wanki, ta shanya a rana, ta sa almakashi ta raba shi huɗu, ta daje bakin kowanne da zare mai kala daban. Nawa shuɗi ne. Ta sayo soso huɗu a kasuwa, ta tattara zannuwan gado da singiletina ta tafasa, ta kwashe duk wani tsohon kafso da ke gidan ta zuba a masai.

Maganin likita ɗaci gare shi, yana kuma tayar da zuciya. A rana ta biyar zazzaɓi ya tafi, hannu ya fara sauka, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa. Na ɓalli ƙwaya na yi kamar na kai baki na sa a aljihu. Ashe maiɗakina tana kallona ta tagar kicin. Daga ranar sai ta tsaya a kaina da kofin ruwa, in haɗiye in buɗe baki ta gani, kamar yadda take yi wa yarinyar. Ita kuwa zumar ta jawo mini baƙin da ban gayyata ba. Kiyashi suka gano hanya, har sai da aka sa ƙafafun gado a gwangwanayen ruwa.

Cikin mako uku ramin ya cike, ya bar tabo kamar girman kwabo. Na maiɗakina ya baje da gashi da magani, na yarinyar sai da aka ɗan tsaga shi, ta yi kukanta aka saya mata ƙosai. Inna ta koma Madadi tana ba da labari cewa babban likita ya rasa yadda zai yi da ɗanta sai da ya roƙe ta zuma. Ban taɓa gyara mata labarin ba.

Da kaka muka je suna a Gammo, gidan wani abokin aikina mai koyar da Arabiyya. Ana cikin cin waina ya ja ni bayan rumbu, ya sauke wuyan rigarsa ya nuna mini wani jan kumburi a ƙeya. Ya ce in faɗa masa sunan ƙwayar da ta warkar da ni kawai, ya aika a sayo. Na ce ban riƙe sunan ba, kuma ko na riƙe, tawa ƙwayar cutar aka auna ba tasa ba. Ya yi ta kawo uzuri, baƙi, raɗin suna, nisan hanya. A ƙarshe muka shirya a kan Litinin bayan an tashi daga makaranta. Na goya shi a babur har Gwarzo, yana riƙe da hularsa a hannu domin ba ta zama a kansa, yana roƙona in riƙa kauce wa ramuka.