Uwata ta Rinji

Ranar Asabar da ta wuce ina shanya a bayan gidana a nan Dutse, sai na jiyo ƙarar taɓarya daga maƙwabta. Lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, har da tafi a tsakani. Na manta rabon da in ji irinsa tun da inji ya karɓe aikin turmi. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata, zuciyata ta koma tsakar gidanmu a ƙauye, can wajen Buji. Ta koma kan wata mata da manyan gidanmu suka ɓoye mini matsayinta a wurina.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, shi ne limamin gari, kuma a zaurensa yara ke karatun allo safe da yamma. Idan ka fita bayan gari, ka wuce kukoki uku da tsohuwar rijiya, akwai wata 'yar unguwa da ake kira rinji. Nan ne mutanen dauri suka zaunar da bayinsu. Bauta ta ƙare tun kakana yana yaro. Mutanen rinji gonakinsu suke nomawa, awakinsu suke kiwo, a bayan Malam suke salla kafaɗa da kafaɗa da kowa. Amma sunan ya manne musu kamar ƙarangiya a bakin zane.

Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini mun fi su. A cikin hira na tsince shi, yadda yaro ke tsintar harshe. Idan allura ta ɓace a gida, gwaggona, ƙanwar babana, za ta ce, "Wa ya shigo daga rinji yau?" Idan na cika baki da tuwo, sai kakata ta ce ina ci kamar 'yar rinji. Idan yaron can ya yi rashin kunya, asali ne. Idan namu ya yi, ƙuruciya ce.

Daga rinjin nan wata mata ke zuwa yi mana surfe da daka. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, jikinta kullum da ƙanshin hayaƙin kara da ɗanyen gero. Mu yara mai daka muke ce mata. Da kaka, lokacin da sabon gero ya shigo, tun hantsi take a bakin turmi har la'asar, gumi na bin wuyanta. Ban taɓa ganin ta a kan tabarma tare da matan gidan ba. Idan za ta huta, turmi take kifawa ta zauna a bakin ƙofa. Ranar suna ko biki ita ce a gindin murhu, ita ce kuma ta ƙarshen ci, sau da yawa ƙanzo.

Matar nan tana da wani hali a kaina da ban gane ba. Duk sanda na gifta sai ta yafito ni, ta dunƙula mini gumba, ta ɗora tafinta a goshina kamar mai neman zazzaɓi. "'Yata, kin ci abinci?" Haka take tambaya ko da ta gan ni da kwano a hannu. Idan gwaggo na kusa, sai ta tsuke fuska ta aike ni ɗebo abin da ba a buƙata.

Tana da 'ya sa'ata, wata biyu ta ba ni, tare muke karatu a zauren Malam. Allah ya ba yarinyar nan kai. Abin da zan kwana uku ina fama da shi, ita kafin rana ta faɗi ta wanke allo. Ni kuwa jikar liman ce, na ɗauka karatu gadonmu ne kamar buzun Malam, don haka abin yana ci na a rai.

Wata safiya, muna da kamar shekara goma, Malam ya ce in kawo hadda. Na kai tsakiyar sura na kakare. Daga bayana yarinyar ta ɗora mini ayar a hankali, don ta taimake ni. Yara suka kwashe da dariya. Da aka tashi na tare ta a ƙofar zaure, na faɗi abin da har yau yake ƙona mini harshe.

"Ko sittin kika haddace, 'yar baiwa ce ke."

Ta jingine allonta a bango, ta hankaɗa ni. Na faɗi, leɓena ya fashe. Na ruga cikin gida da ihu, jini a rigata. Uwarta na bakin turmi a lokacin.

Gida ya ɗauka. 'Yar rinji ta zubar da jinin jikar liman. Aka aika aka kamo yarinyar, kakata ta ce ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Ta ƙi. Tana kuka ta maimaita abin da na ce mata. Na zaci za a tsawata mini, ko don ganin idon uwarta. Sai kakata ta taɓe baki ta ce, "To, ƙarya ta yi?"

Mai daka ta kwantar da taɓarya a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kakata ta ce, "Iya, jikarki ba ta da laifi, abin da ta ji ta faɗa. Amma tunda an koya mata wannan, a haɗa mata da sauran. A gaya mata nonon wa ta sha. Wata goma sha huɗu ina goya ɗaya ina rungume da ɗaya. Lokacin ba wanda ya ce nonon baiwa ne."

Kakata ta nuna ƙofa ta ce kada ta sake taka mata gida. Matar ta kama hannun 'yarta, ta bar geron rabi a turmi, ta fita.

Da azahar innata ta ja ni ɗaki, tana goge mini leɓe tana ba ni labarin da murya ƙasa-ƙasa. Da damina aka haife ni. Kwana tara da haihuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya kumbura ya ƙafe. Aka gwada madarar akuya, ina sha ina amai, har na koma kamar tsinke. Gwaggo tana goyo a lokacin, amma ta ƙi ba ni, wai kada nono ya haramta aure tsakanina da 'ya'yanta maza nan gaba. Mai daka ce ta ji labari ta ratso caɓi ta zo, ba wanda ya kira ta. Daga baya ta ɗauke ni gaba ɗaya zuwa rinji, saboda zirga-zirgar ta yi yawa. A ɗakinta na yi zama, na yi rarrafe, na fara tafiya. Da aka yaye ni, kakata ta kafa doka kada wanda ya sake tayar da maganar, don kada a ce jikar liman ta sha nonon rinji, ta rasa miji.

Ka duba fa, mai karatu. Matar da ta raba nonon 'yarta biyu don in rayu, ladanta shi ne a ɓoye ta kamar abin kunya, a bar ta tana kifa turmi a bakin ƙofa. Yarinyar da na ci rabin rabonta kuma ita na zaga.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Malam. Kakata ba ta yi karatu ba, abin da ta tarar ta riƙe. Shi kuwa ya sani. Sau nawa na ji shi yana karantar da manya cewa duk daga Adamu muke, babu fifiko sai da tsoron Allah? Washegari na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Malam, wadda ta shayar da mutum mece ce a wurinsa?"

Ya ce, "Uwarsa ce. 'Ya'yanta 'yan'uwansa ne."

Na ce, "To don me aka kori uwata?"

Ya mayar da ido kan littafin da ke gabansa, ya ce, "Wannan maganar cikin gida ce, ta mata. Tashi ki je." Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa. Bai faɗe ta ba. Ina yi masa addu'a har gobe, amma ban taɓa samun uzurin da zan ba shi a kan wannan ba.

'Yar'uwata ba ta sake zuwa zaure ba. Allonta ya yi makonni jingine a bango, har wani ya ɗauke. Ni ma ban iya zuwa rinji ba, an hana ni, ga kunya. Da bazara ta zagayo mijin matar ya sami gona wurin danginsa a wajen Miga, suka tattara suka tafi.

Sai bayan na yi aure, na fara koyarwa a Dutse, na nemi garin na je. Na tarar da mai daka ta tsufa, ido ya yi rauni. Da na faɗi ko ni wace ce, ta laluba ta dafa ni ta ce a kawo mini fura, ba ta bari na gama ba da haƙuri ba. 'Yar'uwata ce ba ta saki fuska da wuri ba. Ta ce, "Na yafe miki tuntuni, amma kin san sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na sake riƙe allo?" A makarantar matan aure ta yi sauka, yanzu ita ke koyar da matan garin. Daga ranar ban sake yanke ƙafa ba, 'ya'yana kuma kaka suke ce wa tsohuwar.

Yau idan ka je ƙauyenmu, rinji ya haɗe da gari. Gidajen kwano ne, jikokin mutanen rinji na jami'a a Kafin Hausa, wasu sun fi namu karatu da abin hannu. Sai ka ɗauka magana ta wuce. Amma bari ɗansu ya nemi 'yar cikin gari, ka ga yadda tsofaffi ke haɗa kai suna raɗa, a ce an yi bincike, "akwai 'yar magana a asalinsu." Masu digiri na yi, masu rawani na yi, sannan a tashi a yi alwala. Mu ne kuma masu ɗaga jijiyar wuya idan muka ji an wulaƙanta baƙar fata a wata ƙasa, ko an raina Bahaushe a wani gari.

Bara tsohuwar ta rasu. Na tafi, na zauna a tabarma ɗaya da 'ya'yanta har aka yi sadakar uku. Da na dawo na biya gaida gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage a cikin manyanmu. Ta ce, "Gaisuwar 'yar rinji ce har da kwana uku?"

Na ce, "Ba gaisuwa na je yi ba, Gwaggo. Karɓa na je yi. Ke ce ma ba ki yi mini ba tukuna."