Madarar Inna Jumma

Har yau ban manta da Talatar da madara ta ƙi kama mani ba. Ina so ku sababbin shiga ku ji labarin daga bakina, don ni na yi laifin.

A lokacin wata huɗu ke nan da dawowata daga horo a Maraɗi, aka naɗa ni shugabar ɗakin sarrafa madara na ƙungiyar matanmu a nan Dakoro. Shugabar ƙungiya, Hajiya Rabi, ita ce sama da ni, mata biyar kuma suna ƙarƙashina. Cukun gargajiya kowa ya iya. Abin da na zo da shi sabo shi ne cuku mai laushi, wanda ake shafa wa burodi. Yinsa ba wuya. A tafasa madara, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan nono mai kyau a matsayin iri, a rufe ta kwana. Da safe ta kama, sai a juye cikin farin ƙyalle a rataye, ruwan ya tsane. A sa gishiri kaɗan, a buga har ya yi santsi.

Mata uku ke kawo mana madara. Babbarsu Inna Jumma ce, tsohuwar Bafulatana daga wata ruga a hanyar Birnin Lalle. Ranar Litinin madararta kaɗai na dafa, lita goma, don muna jiran baƙi daga Maraɗi da za su ɗanɗana sabon cukun. Da safe na buɗe tukunya, na tarar da ita tsululu kamar yadda na zuba.

Raina ya ɓaci. Muna da ma'aunin da ake tsomawa a madara ya nuna ko an ƙara ruwa. Yana cikin durowa, ban ko ɗauko shi ba. Inna Jumma na sauke bidonta, jarkar da take kawo madara, a tsakar gida, na tare ta gaban ma'aikata da sauran masu kawo madara.

Na ce, "Inna, ruwa nawa kika zuba wa madarar jiya?"

Ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, mi kika ce?"

Na maimaita, har da ɗaga murya. Ta ce, "Tun ba a haife ki ba nike tatsa. Ki duba kayanki." Ta ɗauki bidonta ta fita.

Laraba na dafa madarar wata, a tukunyar nan dai. Ita ma ta ƙi. Hajiya Rabi ta shigo, ta sunkuya ta shinshina murfin, ta ce, "Hadiza, da mi kike wanke wagga tukunya?"

Jabel ne, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. A horo an ce mu riƙa sa shi don tsabta, a ɗauraye sosai. Ni kuwa, saboda ƙarancin ruwan bazara, ɗauraya guda nake yi. Ragowarsa ce ke kashe irin nonon.

Hajiya ta ce, "Gobe ki tafi rugar."

Na ce to. Ban je ba. Kunya ta hana ni, kullum sai in ce wani sati. Sai da na kwashe wata biyu, har ruwa ya sauka, sannan na hau mashin na tafi. Na iske suna ɗaure kaya za su yi arewa da shanu.

Inna Jumma ta shimfiɗa mani tabarma, ta ba ni nono na sha. Na faɗi abin da ya faru, na roƙi gafara.

Ta ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Amma ni kin biyo ni daji kin gaya mani. Waɗanda suka ji ki ran nan, wa ya gaya masu?"

Daga bakin surukarta na ji cewa gidaje biyu da suka daɗe suna sayen nononta a gari sun daina.

Da na dawo na tara matan na faɗa masu gaskiya. Sun ji, amma maganar farko ta riga ta shiga kasuwa, ta biyun kuwa a tsakar gidanmu ta tsaya. Da kaka Fulanin suka dawo, Inna Jumma ba ta sake tako ƙofarmu ba. Bayan shekara biyu aka ce mani ta rasu.

Shi ya sa kuke ganin ina takura maku. In madara ta ƙi, ku fara da tukunya, da ƙyalle, da iri, da hannuwanku. Ku tsoma ma'auni. In duk kun gama kuna da magana da mai madara, ku ja ta gefe. Lita goma na yi asara ran nan, washegari an tatso wata. Sunan tsohuwar nan da na ɓata, har ta koma ga Allah ban iya gyara mata shi ba.